Kan jirgin shantin ko jirgin babban layi, da wanne sabon mai ɗaukar hoto zai fara?

Duk wanda sha'awar ɗaukar hoton jirgin ƙasa ta kama, ba'a daɗewa sai ya tsinci kansa tsakanin hanya biyu, ko dai ya riƙa bin manyan jiragen nan masu gudu akan babban layi yana tsayawa kan gada ko ƙarshen dandamalin tasha yana jiran su wuce, ko kuma ya nufi filin shantin inda ƙananan kawunan jirgi suke wuni suna tura taragu gaba da baya. Mafi yawan mutane na farkon suke zaɓa ba tare da ma sun tsaya tunani ba, saboda shi ake gani a hotuna, shine mai kyau da sheƙi. Ni kam ina ganin wanda aljihunsa bai da nauyi kuma hannunsa bai faɗa da kamara ba tukuna, kan shantin ya fi masa, amma fa akwai wani babban cikas a ciki wanda zan zo kansa, kuma saboda wannan cikas ɗin ba kowa ne shawarar tawa zata yiwa daidai ba. Akan Ingila zan fi yin magana don nan ne harkar ta zama al'ada tun da daɗewa, sai in taɓo Amurka, sannan in zo gida.

Kan shantin aikinsa ba tafiya bane. Shi ke shiga cikin taragu ya ware na wannan gari ya haɗa da na wancan, ya ja taragon da ya lalace ya kai shi loko, wato wurin ajiya da gyaran jirage, ya jera jirgi tsaf sannan babban kai yazo ya ɗauka ya tafi. Don haka yadda aka ƙera shi ma daban ne, ba'a nemi gudu a wajensa ba, abinda aka nema shine ya iya tayar da kaya mai nauyi daga tsaye, ya iya shan kwana mai tsauri, kuma direba ya riƙa ganin gaba da baya da mutumin da ke ƙasa yana haɗa taragu. Shi jaki ne na aiki, babban jirgin kuwa dokin hawan sallah.

Idan kana Ingila wanda zaka fi haɗuwa dashi shine Class 08. An ƙera guda 996 daga 1952 zuwa 1962 a masana'antun reluwe na Derby da Crewe da Darlington da Doncaster da Horwich, kuma babu wani samfurin kan jirgin dizal da Birtaniya ta ƙera da yawa kamarsa. Injinsa na English Electric ne mai ƙarfin doki 350 kacal, injin yana juya janareta, janareta na ba wasu ƙananan injinan lantarki wuta su kuma su juya ƙafafu, ƙafa shida ne kuma an haɗe su da sandar ƙarfe ta waje irin ta jiragen gawayi na da, nauyinsa wajen tan 49, iyakar gudunsa mil 15 ko 20 a awa gwargwadon yadda aka saita shi, wato kilomita 24 zuwa 32. Gaba da bayansa an masa zanen rawaya da baƙi a karkace don ma'aikata su hango shi. Ka duba fa, abinda aka ƙera tun kafin Najeriya ta samu 'yancin kai har yau wasunsu suna aiki a loko da tashoshin ruwa da masana'antu. Wasu 'yan kaɗan ma har Laberiya aka kai su suka yi aiki a layin kamfanin haƙar tama.

Toh ka ajiye wannan a gefe ka ɗauko jirgin Azuma da ke bin layin gabas daga Landan zuwa York da Edinburgh, wanda ke yin mil 125 a awa, kilomita 200 kenan. A wannan gudun duk sakan ɗaya yana cin mita 55. Nan ne bambancin farko yake, kuma shine ya shafi kuɗinka kai tsaye. Idan idon kamararka ya ƙifta a 1/250 na sakan, jirgin ya riga ya matsa kusan santimita 22 kafin idon ya rufe, hoton zai fito a dame, lambar da ke jiki ma bazaka iya karantawa ba. Dole ka kai 1/1000 ko sama, kuma wannan yana son haske sosai, Ingila kuwa kowa ya san yadda gajimare ke zama musu, a watan Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi. Sai ka ga kana buƙatar kamara mai jure duhu, mai saurin kama abu, mai harba hoto da yawa a jere, da dogon lens, wato gilashin gaban kamara mai jawo abu daga nesa, irin 70-300 ko sama da haka. Kan shantin kuma a cikin fili yawanci tafiyar ƙafa yake yi, ace kilomita 8 a awa, a 1/250 ɗin nan ko santimita ɗaya bai matsa ba. Tsohuwar kamara ta hannu da ƙaramin lens 18-55 da ke zuwa da ita sun ishe ka, kai wayar kirki ma tana yi idan ka samu kusanci. Wallahi wannan kaɗai ya isa ya sa mai ƙaramin ƙarfi ya tsaya ya yi tunani.

Abu na biyu shine dama. Babban jirgi sau ɗaya yake baka dama, kayi tafiyar awa biyu ka tsaya cikin sanyi, yazo ya wuce cikin sakan uku, idan hannunka ya girgiza ko wani jirgin ya shigo ta ɗaya layin ya tare maka ko gajimare ya rufe rana a daidai lokacin shikenan, sai dai ka jira na gaba, in kuma jirgi ne na musamman irin na gawayi da ake fitowa dashi jefi jefi toh sai wani watan. Shi kuwa na shantin zai wuce gabanka ya koma ya sake dawowa, ya tsaya a juya masa layi, ya kuma dawowa, a wuni ɗaya zaka ɗauke shi ta gaba, ta gefe, ta ƙasa kana durƙushe, ka duba abinda ka ɗauka ka gyara ka sake. Koyon hoto kuwa maimaici ne. Akwai wata dabara ma da ake rage ƙiftawar zuwa 1/30 ana bin jirgin da kamara a hankali, sai jikinsa ya fito garau amma sandar ƙafafun da bayan hoton su ɗan gauraye, ka ga motsi a cikin hoton da yake tsaye, wannan dabarar akan Class 08 ta fi daɗin koyo saboda sandar nan tasa da ke hawa da sauka. Da daddare kuma filayen suna da manyan fitilu, shi kuma yakan tsaya cak na mintoci, sai ka kafa kamara kan ƙafarta ka bar idon a buɗe sakan biyar ko goma, hotunan dare mafi kyau da na sani a wannan harkar haka aka same su.

Yanzu ga cikas ɗin. Babban layi a fili yake, ya ratsa gari da ƙauye, akwai gadoji da hanyoyin ƙafa da tashoshi birjik inda kowa ke da ikon tsayawa, kuma lokacinsa sananne ne, akwai shafin Realtime Trains da zai nuna maka jirgin fasinja da na kaya, inda yake da ko ya makara. Kan shantin baya cikin wannan jadawalin. Yana bayan katanga da waya, a filin da ba'a yarda kowa ya shiga ba, kuma ranar da kaje yana iya yiwuwa babu aiki yana kulle cikin rumfa. A Birtaniya shiga layin dogo ba izini laifi ne da tararsa ke kaiwa fam 1,000, kuma ba wasa suke ba. Don haka mai bin shantin rabin aikinsa neman wurin tsayawa ne, gadar mota da ta bi ta saman fili, wani tudu a gefe, ƙarshen dandamalin da ke kallon loko. Wurin Toton kusa da Nottingham masu wannan sha'awa sun daɗe suna tsayawa kan tudun gefe suna hangen loko daga nesa. Kuma lura, da zarar nisa ya shigo maganar ƙaramin lens ta rushe, kaima sai ka nemi dogo. Wannan gaskiya ce da ya kamata a faɗa wa mutum kafin ya sayi kaya.

Abinda ya ceci lamarin a Ingila shine layukan tarihi da masu sa kai ke gudanarwa, irin su Severn Valley da East Lancashire da Great Central, da kuma rumfar Barrow Hill kusa da Chesterfield wadda ita ce zagayayyiyar rumfar jirgi ta ƙarshe da ke aiki a ƙasar. Gommai na Class 08 da suka yi ritaya suna irin waɗannan wurare, kuma ba ajiye su aka yi don kallo kawai ba, dasu ake jera taragu da safe kafin baƙi su zo. Ka sayi tikiti ka shiga da wuri, kana tsaye kan dandamali da izininka, kan jirgin na nesa da kai mita biyar, ma'aikatan kuma mutane ne masu son a tambaye su. Ni a ganina nan ne makarantar sabon shiga. Gidan tarihin reluwe na York da aka buɗe a 1975 shima yana da kyau kuma shiga kyauta ne, sai dai can komai a tsaye yake an goge shi fes, zaka koyi haske amma bazaka koyi motsi ba.

Sai maganar me ke fitowa a hoton kansa, nan kam ra'ayi ne kuma nawa a bayyane yake. Hoton babban layi yawanci hoton ƙasa ne da jirgi a ciki, kamar gadar Ribblehead mai baka 24 akan layin Settle zuwa Carlisle, tsaunuka a baya jirgi na ratsawa ta sama, abin gwanin kyau ba musu, amma dubban mutane sun tsaya a daidai wurin da zaka tsaya sun ɗauki daidai abinda zaka ɗauka. Jiragen zamani kuma duk kamarsu ɗaya, direba na can bayan baƙin gilashi ba ka ganinsa. A filin shantin mutane ne a cikin hoton, direba ya leƙo da kansa ta taga yana kallon baya, mai haɗa taragu da rigarsa mai ƙyalli da sandarsa yana ɗaga hannu, man inji ya zubo a jikin ƙarfe, tsatsa, ciyawa tsakanin layuka, fentin kamfani uku da suka mallake shi a jere yana leƙowa ta ƙarƙashin juna. Wannan hoton aiki ne, kuma ni shi ke taɓa ni. Sai dai idan fuskar ma'aikaci zata fito a fili ka nemi yardarsa, haƙƙinsa ne.

Kuma abin yana ƙarewa, wannan shine dalilin da ya fi ƙarfi a wajena. Da can kaya tarago ɗaya ɗaya ake aikawa, kowanne da garin da zashi, dole a samu filayen warewa ko'ina. A Tinsley ta Sheffield an buɗe ƙaton fili a 1965, har aka haɗa Class 08 bibbiyu aka yi wani samfuri mai suna Class 13 guda uku kawai don tura taragu kan tudun warewa, inda ake sakinsu su gangara kowanne ya shiga layinsa, yau duk babu su ko ɗaya bai tsira ba. Manyan motoci sun cinye ƙananan kaya, a 1991 aka rufe tsarin Speedlink na tarago ɗaya ɗaya, jiragen kaya suka koma na kwantena ko na duwatsu da ke tafiya a dunƙule daga farko har ƙarshe, jiragen fasinja kuma suka zama masu kai a gaba da baya basa buƙatar kowa ya juya su. Azuma zai kai shekaru masu yawa yana jiranka. Tsohon kan shantin da ka gani bana a wata masana'anta, baɗi kana iya tarar da an yanka shi an sayar da ƙarfen.

Wanda kuma Allah ya kai shi Amurka, lissafin ya ɗan canza. Can komai ƙato ne, nasu kawunan shantin ma sun ninka na Ingila, kamfanin EMD ya fito da samfurin SW1 mai ƙarfin doki 600 a ƙarshen shekarun 1930, ya zo SW1200, ya zo SW1500 mai doki 1,500 wanda aka ƙera guda 808 daga 1966 zuwa 1974, ƙafa takwas, ɗakin direba a ƙarshe ɗaya ya ɗago sama da dogon hanci a gaba. Akwai kuma wani ɗan ƙarami na kamfanin GE mai tan 44 da labarinsa ke burge ni, yarjejeniyar ƙwadago ta 1937 ta ce duk kan jirgin da ya kai tan 45 sai an sa mutum na biyu a ciki, sai aka ƙera shi ya gaza da tan ɗaya don direba shi kaɗai ya tuƙa. Manyan kamfanonin can yanzu sun fi amfani da tsofaffin kawunan hanya irin GP38-2 a filayensu, wasu ma ba kowa a ciki, ma'aikaci na ƙasa da akwatin rimot a ɗaure a ƙugu yana sarrafawa, don haka ainihin SW ɗin sai ka bi ƙananan layuka da rumbunan hatsi da masana'antu. Amma sun yi wa masu kallo gata, a North Platte ta jihar Nebraska inda filin Bailey na kamfanin jirgin ƙasa na Union Pacific yake, wanda shine filin ware taragu mafi girma a duniya mai tsawon kusan kilomita 13, an gina hasumiyar Golden Spike a 2008 musamman don mutane su hau su kalla, kana sama kana ganin ana tura taragu kan tudu ana sakinsu suna gangarawa da kansu kowanne ya shiga layinsa. Daga can sama dogon lens dole ne. Ta ɓangaren babban layi kuma jiragen kayansu basa gudu irin na fasinjan Ingila, kuma akwai wurare kamar Rochelle a jihar Illinois inda layin Union Pacific da na BNSF suka gitta juna aka yi rumfar zama don masu kallo, da kwanar Horseshoe kusa da Altoona da ke aiki tun 1854. A Amurka kam idan mutum ya ce zai fara da babban layi bazan ja dashi ba, sauƙin ya fi yawa.

A gida fa? Mu ma muna da hanya biyun nan. Ga sabon layi mai faɗin milimita 1,435 daga Idu zuwa Rigasa, kilomita 186, da aka buɗe a 2016, da na Legas zuwa Ibadan na 2021, ga kuma tsohon layi mai faɗin 1,067 da ya iso Kano tun 1911, da mahaɗunsa a Zariya inda reshe ya tafi Gusau da Ƙaura Namoda, da Kaduna da Kafanchan da Minna. Sabon layin shine kowa ke ɗauka da waya, amma tun harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna a 28 ga Maris 2022 tsaro ya tsananta kuma da dalili, mutum ya tsaya a daji gefen wannan layin da doguwar kamara ya jawo wa kansa abinda ba zai iya fita ba, dan Allah kada a gwada. Tsofaffin tashoshin da lokonsu kuwa, inda taragu da kawuna suke jibge wasu na motsi wasu sun daɗe da mutuwa, da gidajen sigina da rumfunan kaya na zamanin gyaɗa, su ne suka fi buƙatar a ɗauka yanzu tun ba'a kwashe su ba, kuma masu ɗaukarsu da gangan ba su da yawa. Hanyar kuwa ɗaya ce, ka je da rana tsaka ta ƙofa, ka yi sallama, ka nemi shugaban tasha ka ce ranka ya daɗe ga abinda ya kawo ni, ka nuna katin shaidarka, in ya ce sai da takarda daga sama ka je ka nemo, in ya ce a'a ka yi godiya ka tafi. Dattawan da suka yi ritaya daga reluwe a unguwannin da ke kewaye da tashoshin nan sun san kowane ƙarfe da tarihinsa, zama dasu ya fi kowane littafi. Aikin layin Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021 shima abin ɗauka ne ga na kusa, da izinin masu aikin.

Kada kuma wani ya ɗauka tunda kan shantin a hankali yake tafiya ba shi da haɗari. Filin shantin ya fi yaudarar mutum, tarago da aka sake yana gangarowa ba ƙara ba hon, kuma wanda idonsa ke cikin kamara baya ganin gefensa. Ba'a shiga tsakanin taragu biyu, ba'a hawa kan tarago, wayar lantarkin sama a Ingila tana ɗauke da bolt 25,000 kuma tana iya tsallakowa ta kama mutum ko bai taɓa ta ba, a kudancin ƙasar kuma akwai ƙarfen layi na uku a ƙasa mai ɗauke da wutar bolt 750. A babban layi haɗarin gudu ne, jirgin kaya mai nauyi yana iya cin sama da kilomita ɗaya da rabi kafin ya tsaya. A Fabrairun 2016 ranar da Flying Scotsman, wani shahararren tsohon kan jirgin gawayi, ya dawo aiki sai da aka tsayar da jirage saboda masu ɗaukar hoto sun sauka kan layi, irin wannan ne ke ɓata wa kowa suna. A tasha ka sanar da ma'aikata kana nan, ka tsaya bayan layin rawaya, kuma kar ka kunna filasha a fuskar direba.

Don haka in kana da ƙaramar kamara ko waya kuma akwai layin tarihi ko loko da ake hangowa daga wurin da doka ta yarda kusa da kai, fara da shantin, ka yi wata shida kana koyon haske da kusurwa akan abinda ke jiranka, sannan ka fita babban layi da hannun da ya riga ya saba. In kuwa garinku babu irin wannan wurin, ko kuma lokacinka awa ɗaya ne bayan aiki kana son ka san tabbas jirgi zai zo ƙarfe kaza, toh babban layi ne naka, ka samu tashar da jirage ke tsayawa ko suke rage gudu wajen shiga, ka fara da waɗanda ke tasowa daga tsaye kafin ka je kan masu kilomita 200, kuma kuɗin da zaka kashe na farko ka sa shi a lens 70-300 na hannu maimakon sabuwar kamara.